Sunayen da Alhaji Sahabi Ya Hana a Yanke

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Liman, mai unguwar Albarika, Sarkin Fawa da jama'arsa, dattawanmu da suka taso tun daga Djougou, Hajiya Murja uwargidan marigayi da 'ya'yanki, ina gaishe ku da haƙuri. Ni ne Massaoudou. An tsayar da ni ne don na fi kowa daɗewa tare da marigayi Alhaji Sahabi, ba don na iya magana ba.

Ya kasance mahauci mai tsare ma'auni. Ya kasance mai raba gardamar dillalai da makiyaya a kasuwar shanu, ba ya tashi sai sun yi musabaha. Wannan kowa ya sani. Abin da yaranmu ba su sani ba sai kwanan nan shi ne, ya kasance mawaƙi. Muna samari yana waƙa, ina kaɗa masa kalangu, da masu jita biyu, muna zaga bukukuwa tsakanin Parakou da Djougou. Da iyali suka zo muka watse, kaset ɗinmu ya ɓace, mu ma muka manta.

Shekarun baya, wasu samari masu ɗan ƙaramin kamfanin faifai a Cotonou suka tsinci kaset ɗin a shagon mai gyaran rediyo a unguwar Kpébié. Babbansu, Abdoul Karim, ya yi ta cigiya har ya iske Sahabi a rumfar nama. Yaro ne mai ladabi. Ya ce suna son sake fitar da waƙar da ke cikin kaset ɗin, amma ta yi wa gefe ɗaya na faifai tsawo. Ya nemi izinin yanke ƙarshenta, inda kiɗa ke lafawa Sahabi ya shiga kiran mutanen da ke wurin bikin da aka ɗauke ta: fataken goro, mahauta, matan da suka yi girki. In ba a yanke ba, sai dai a jira wani bugu, ƙila shekara, ƙila fiye.

A lokacin, ciwo ya riga ya kama Sahabi. Muka taru a kansa, muka ce ya yarda don ya ji muryarsa da ransa. To kun san Sahabi, bijimin sa ya fi shi saurin juyawa. Ya ce:

"Mutanen nan yawancinsu sun rasu. Ba su da hoto, wasu ko kabarinsu ba a sani ba. In an yanke, ina kuma za a kira su?"

Samarin suka haƙura, daga baya suka ba waƙar faifai sukutum, gaba da baya. Mu kuwa hankalinmu bai kwanta ba, muna ganinsa yana ta ramewa.

Faifai ya iso yana kwance. Zakiyya, ke kika ɗora wa mahaifinki shi, kin tuna. Kiɗa na farawa ya ɗaga hannu ya ce a juya ɗaya gefen, inda sunayen suke. Ya rufe ido, leɓensa na bin sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba.

Ga Amariya nan zaune cikinku, daga garin Onklou. Mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta. A rediyo ta ji an kira uwar tata a waƙar, "Hannatu mai tuwon biki", ta hau babur ta zo ta durƙusa gabansa. Yanzu yaranmu sun ɗauki waƙar, suna rera ta a bukukuwa, suna ƙara sunayen kakanninsu a ƙarshe.

Hajiya Murja, ki yi haƙuri, mun san abin da kika rasa. Zakiyya, ke da ƙannenki, ku riƙe uwarku, ku riƙe zumuncin da ya bar muku.

Mun gode wa Abdoul Karim da abokansa, mun gode wa duk wanda ya tako. Na saurari gefen sunayen nan ban san sau nawa ba. Ya kira kowa, har ni mai kalangu. Suna ɗaya ne babu a ciki, nasa. Wannan ya rage namu mu kira.

Allah ya jiƙan Sahabi ɗan Lado. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya kira shi cikin bayinsa na gari. Malam Liman, a yi mana Fatiha.