Tafkin Bayan Katanga

A tashar Anka, wani dattijo mai suna Labbo yana zaune kan benci, yana jiran motar Bukkuyum ta cika. Wani mai aikin famfo da ke gefensa ya gama waya.

"Malam, gafara," in ji Labbo. "Na ji kana zancen ɗumama tafki. Tafki ma ɗumama shi ake yi?"

"Na iyo ne, Baba. Wani Alhaji ya gina wa iyalinsa a gidan gona. Ko dai a sa sola, ko injin ɗumama ruwa."

"Wanne ya fi?"

"Sola ba ta shan mai, sai dai in hadari ya rufe rana, ruwan ba ya ɗumi. Injin ba ruwansa da hadari, amma sai da janareta. Alhaji ya ce sola, ba ya son a ji ƙara."

Labbo ya gyara zama. "Wa zai ji ƙara a daji? In an gama, ruwan ina yake zuwa?"

"Bayan katanga ake sakinsa, ya bi kwari."

"Ka taɓa ganin mai iyo?"

"A'a. Buhunan duwatsu dai na gani. Amma ai gini ake yi."

"Ni mutumin Tungar Guru ne," Labbo ya ce a hankali. "Shekarar gubar dalma, 'ya'ya biyu na binne saboda wankin duwatsun zinari. Kwarin nan, wane gari ya nufa?"



"Garinmu," in ji mutumin.