Rijiyar Turba da Ba Ta Kai Ruwa Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri. Sunana Umaru, shugaban masu ginar rijiya a Turba, cikin ƙasar Isa.

Bana da fari ya ƙone gero, na haɗa manoma da makiyaya munka fara ginar rijiyar gari. Da ƙyar na sa su ci tuwo akushi guda, har sunka saba. Sai shugaban kwamiti ya ɗora mana ƙanensa, wai ya duba aiki.

Ran da munka taɓa yashi mai laima, ƙanen nan ya leƙa ramin ya ce wa Buba, makiyayin da ya fi kowa ƙwazo, "Kai don shanunka kake wannan rawar jiki."

Buba ya fito, ya aje diga, ya ce, "Umaru, ka yafe ni." Mutanensa sunka bi shi. Yanzu ya kora shanunsa Nijar, matanmu kuwa har Bafarawa suke neman ruwa. Kwamiti kuma ni ya ɗora wa laifi, wai ban iya riƙe mutane ba.

Malam, ku ba ni shawara. Da wane baki za ni kira Buba ya dawo?