Kazar Da Ta Ƙi Faɗuwa

Zalia: Halo? Yaya Imurana?

Imurana: Wa ke magana? Ɗaga murya, layin na ƙara kamar ana suya.

Zalia: Zalia ce, ƙanwarka. Ina gidan waya na Tamale.

Imurana: Zalia! Ikon Allah! Ina wuni? Ina gajiya?

Zalia: Lafiya lau. Ina aiki?

Imurana: Da godiya. Kumasi dai tun ranar 'yancin kai ake kiɗa, kanti ma da ƙyar muke buɗewa. An ba ku tuta a makaranta?

Zalia: An ba mu.

Imurana: Madalla. Ya mutanen zango? Ya Mma?

Zalia: Lafiya... A'a, ba lafiya. Yaya, sun ce uwarmu mayya ce.

Imurana: Me? Ban ji ba!

Zalia: Mayya! Ɗan Sidiki maƙwabcinmu ya rasu. Ƙyanda. Matar Sidiki ta ce ta ga Mma a mafarki tana goye da yaron.

Imurana: Haba! Mma da ta yanke wa yaron nan cibiya? Da Baba na raye wa ya isa? Liman fa?

Zalia: Ya ce ba ruwansa. Da safe suka kai ta wajen tindana, mai tsafin ƙasa, can bayan Gbalahi. Na bi su. Ka san yadda suke yi, a yanka kaza a jefa. In ta faɗi rigingine mutum ya kuɓuta, in ta kife...

Imurana: Na sani! Yaya ta faɗi?

Zalia: Ba ta faɗi ba.

Imurana: Kamar ya? Ba a yanka da kyau ba?

Zalia: An yanka, Yaya, wuyan na lilo. Ta miƙe, ta wuce Mma, ta wuce kowa, ta zo ta tsaya a gabana. Jini duk a takalmina.

Imurana: Inna lillahi! Tsaya, tsaya. Ke kuma? Me ya haɗa ki da ita?

Zalia: Ban sani ba! Kowa ya juyo yana kallona. Sai Mma ta fasa ihu, wai ita ce, ita ta ci yaron, ita ta tura kazar don ta ruɗa su.

Imurana: Mma ta faɗi haka? Da bakinta? To ita ce kenan? Kai, me nake cewa! Astagafirullah.

Zalia: Sun aske mata kai. Bayan la'asar lori zai kai ta ƙauyen nan da ake tara tsofaffin matan da aka ce mayu ne. Ka taɓa jin wadda ta dawo?

Imurana: Ki koma gida ki kulle ƙofa. Yau zan hau mota. In jirgin fito na Yeji bai tsayar da mu ba, gobe...

Zalia: Ta biyo ni.

Imurana: Mma? Ta gudu?

Zalia: Kazar.

Imurana: Halo? Layin nan... kin ce wani ya kawo kazar?

Zalia: Da ƙafarta ta zo. Na yi gudu, na ɓuya a kasuwa, na juya ga ta. Yanzu haka tana bakin ƙofa. Ba ta kuka, tsayuwa kawai take yi. Yaya, tsoro nake ji.

Imurana: Rana ce ta buge ki. Karanta Ayatul Kursiyyu.

Zalia: Na karanta. Yaya, in mutum maye ne, yana sani? Kullum ni ke goya yaron nan.

Imurana: Ba ke ba ce! Ƙyanda ce! Rabin yaran zango sun yi ta!

Zalia: To me take nema wajena?

Imurana: Ni ma... wallahi ban sani ba. Ki dai jira ni.

Zalia: In na je tashar lorin za ta bi ni, kowa ya gani. Dole su sauke Mma.

Imurana: Su ɗora ki! Don me kike zaton ta ɗauki abin a kanta? Kar ki je!

Zalia: Ga kiran sallah nan, la'asar ta yi.

Imurana: Zalia, na rantse, in kika je...

Zalia: In ka iso za ka tarar da Mma a gida. Ka ce ta yafe mini.

Imurana: Zalia! Halo? Zalia!