Wayar da Aka Bari a Caji

ZUNNURAINI: Khairiyya, ni ne kuma. Na san wayarki a kashe take, so nake kawai in ga sunanki ya yi haske a tafin hannuna. Gyaɗar da kika shuka a bayan ɗaki ta yi fure, ba wanda ya...

HANSAI: Salamu alaikum. Alo?

ZUNNURAINI: Innalillahi.

HANSAI: Alo, ana jina? Tun safe nake jiran wani ya kira layin nan.

ZUNNURAINI: Wa alaikumus salam.

HANSAI: Ina wuni? Ya gida?

ZUNNURAINI: Lafiya lau.

HANSAI: Ya damina, ya aikin gona?

ZUNNURAINI: Da godiya. Baiwar Allah, wace ce ke?

HANSAI: Ya iyali, duk suna lafiya?

ZUNNURAINI: Na ce wace ce ke? A ina kika samu wayar nan?

HANSAI: To, sannu. Malama Hansai ce, daga laburaren Gaya. Kai fa? Ba suna a lambarka, taurari uku kawai aka jera.

ZUNNURAINI: Ni ne. Ba ta iya rubutu ba, haka take gane ni. Zunnuraini, mijinta, daga Gafasa. Labarin wa kika ce?

HANSAI: Laburare. Ɗakin karatu na gwamnati. Ka matsa inda sabis yake, kana yankewa.

ZUNNURAINI: A kan suri nake tsaye, babu inda ya fi nan a gonar. Me ya kai wayar matata ɗakin karatu?

HANSAI: Caji mana. Muna da sola, duk wadda ta zo aji sai ta ba ni wayarta in jona, in ba ta marfin kwalba mai lamba. Ranar zuwanta na ƙarshe hadari ya taso, kowa ta ruga neman mota, ita ta manta tata. Washegari na tafi Kano jinyar mahaifiyata da mukullin aljihun teburin a jakata. Jiya na dawo. Na duba rajista in kira ta, ashe lambar da ta bayar ta wannan wayar ce. Ka gaya mata sati huɗu ba ta zo ba, an ce har an wuce ta da darussa da dama.

ZUNNURAINI: Marfin lemo ne? An rubuta tara da jan fenti?

HANSAI: Shi ne. Ka ce ta zo da shi.

ZUNNURAINI: Yana aljihuna. A ƙulle aka same shi a bakin zaninta.

HANSAI: Aka same shi? Ban gane ba.

ZUNNURAINI: Motar da ta ruga ta shiga ba ta kai Ajingi ba, Malama. Ta zame a cikin ruwan. Kwana ashirin da bakwai yau.

HANSAI: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Khairiyya? Mai zama kusa da taga? Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta. Ka yafe mini, ɗana, ina ta surutu...

ZUNNURAINI: Amin. Kada ki kashe. Ina da tambaya, kuma katina kaɗan ne. Me ake yi a wurin nan naku?

HANSAI: Karatu. Akwai jaridu, akwai littattafan aro, akwai kwamfuta biyu da muke cike wa ɗalibai fom. Asabar yara suke zuwa tatsuniya.

ZUNNURAINI: Laraba nake tambaya.

HANSAI: Laraba ajin matan aure ne, masu koyon karatu da rubutu. Goma zuwa azahar.

ZUNNURAINI: Maza suna shiga?

HANSAI: Me kake nufi?

ZUNNURAINI: Ki amsa mini, don Allah.

HANSAI: Ranar Laraba ko maigadinmu a waje yake shimfiɗa tabarmarsa. Masu karanta jarida sun san sai bayan la'asar. Wace irin tambaya ce wannan a kan wadda take kabari?

ZUNNURAINI: Ce mini take wurin Gwaggonta Gaji take zuwa, mai ciwon ƙafa, ta yi mata wanki da daka. Wata bakwai. Ni nake kai ta bakin titi da kaina. Ranar sadakar uku Gwaggo ta ja ni bayan rumbu, ta ce ita fa yarinyar nan leƙowa kawai take ta gaishe ta a tsaye ta wuce, ba ta san inda take yini ba. Ta ce in rufa mata asiri. Sai ga wannan marfin mai lamba, kamar na ɗakin... ban san na ɗakin me ba.

HANSAI: Subhanallahi. Kuma ka zauna da wannan a cikinka?

ZUNNURAINI: Ina yi mata addu'a, sai in ji kamar tsakuwa a cikin tuwo. Ina kuka, ina jin haushi, ban san wanne ne nawa ba.

HANSAI: To saurara. Rajista tana gabana. Laraba ashirin da tara, ba ta taɓa fashi ba. Farkon shafi dangwale take da yatsa. Daga ta goma sha ɗaya sunanta ne, da hannunta, a karkace. Mata goma sha takwas za su dafa maka Alƙur'ani a kan haka.

ZUNNURAINI: To me ya hana ta gaya mini? Da na hana ta ne?

HANSAI: Na tambaye ta. Ta ce akwai ranar da ka dawo da takardar maganin feshi, ta karɓa tana dubawa, ashe a kife ta riƙe. Ka yi dariya a gaban ƙannenka.

ZUNNURAINI: Wasa nake. Ni ɗin ma a aji biyu na sakandare na tsaya, da ƙyar nake haɗa baƙi.

HANSAI: Ta ce ta san wasa ne. Ta ari wani ɗan littafi na yadda ake adana gyaɗa kada ƙwari su ci, a nan take barinsa don kada ka gani. Wai ranar da kuka gama cira, za ta zauna a kan buhu ta karanta maka shi daga farko har ƙarshe, ta ga ko za ka yi dariya.

ZUNNURAINI: Ta kai ina?

HANSAI: Shafi na sha ɗaya. Alo? Kana nan?

ZUNNURAINI: Ina nan. Na sauko daga surin ne, na zauna a ƙasa.

HANSAI: Akwai kuma wani abu. Mukan ɗauki muryar kowace a wayarta tana karatu, don ta ji inda take tuntuɓe. Tata tana cikin wannan da nake riƙe da ita.

ZUNNURAINI: Muryarta? Kunna mini.

HANSAI: Ba ya yiwuwa muna kan layi. Ka zo ka karɓa. Ƙarfe huɗu muke rufewa, amma zan jira ka ko zuwa magariba ne. Ka zo da marfin, ba don ina shakka ba, haka dai muke yi.

ZUNNURAINI: Kada ki bari ta mutu. Ki bar ta a jone.

HANSAI: Tana jone. Ka biya ta wurin Gwaggon nan, ka wanke yarinyar mutane. Su waye kuma suka ji zancen?

ZUNNURAINI: Babu. Ko mahaifiyata. Abin da na zarge ta da shi, da ni da Allah sai ke yanzu. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ban ma san ta yadda zan...

HANSAI: Alo? Zunnuraini? Alo?