Gurbin Yatsa a Jikin Durowa

Durowa ɗaya, gwangwanin fentin alli, kakin zuma, samfefar goge katako. Kayan wata mata ke nan da muka tsaya canjin mota. Wani dattijo ya leƙa.

"'Yata, wannan fa?"

"Fenti zan yi mata, Baba, in kankare gefe-gefe, in shafa kaki. Mai saye na son ta yi kamar tsohuwa."

"Ita da ta girme ki? Wannan baƙin wurin fa?"

"Gurbin yatsan marigayi mahaifina ne. Nan yake ja ya ciro mana alewa. Ni auta, biyu nake samu."

"To, shafe shi. Samfefa ta yi miki wani."

Direba ya loda durowar, ya rufe ƙofa.

"Mai sayen sai dai ta nemi wata durowar," in ji matar.