Katakon Kaka

A tashar Madawa, wani dattijo ya dubi katakon da Amos ya jingine jikin motar Tama.

"Samari, ƙofa za a yi?"

"Akwatin gawa, Baba. Kakana ya rasu a Tama. Kirista ne, kamar ni. Yanzu anka kira ni, wai 'yan'uwansa musulmi sun rufe shi tun hantsi, ba akwati. Na fasa tafiyar, gida zan koma."

"Wa ya yi mishi addu'a?"

"Fasto sunka kira."

"To, mi kake so kuma? Ina yake zama?"

"Gindin iccen bedi, bisa dutse, yana raba muna goriba."

"Kai katakon can. Masu gaisuwa na buƙatar benci."

Amos ya share ido, ya ce wa direba, "Ɗora shi sama."