Matsafiyar Madam da Miyar Kuɓewa

Injin markaɗena na sayar, da akuyoyi biyu, na haɗa kuɗin tafiya Jidda. Ku matso, tunda kun dame ni da tambayar wannan ɗan dutsen da ke cikin jakata.

Gidan da aka kai ni aiki a unguwar Safa yake, hawa na shida. Akwatin ƙarfen da ke ɗaga mutum sama su mas'ad suke ce masa, ni kuwa masa nake cewa, har na dawo ban gyara ba. Uwar ɗakina Madam Huda ce, mai kantin magani. Kakanta da ƙafa ya je daga Kano, amma Hausarta sai ka tausaya mata. Tana da kirki, sai dai ba ta son a fi ta, ko da a yankan albasa ne. Ƙanwarta Amal ta fi ta jin Hausa, ta kuma fi ta sanyin hali.

Juma'ar farko bayan la'asar na shigo da shayi, na tarar da su da ƙawayensu biyu sun kewaye tebur. Ga taswira a shimfiɗe, ga 'yan gumaka kamar babban yatsa, ga littafi mai hoton dodo, ana ta watsa wasu duwatsu. Ɗan lido da na sani fuska shida gare shi, wannan ashirin. Na dire shayin da sauri. Na ce shi ke nan, na tsallake bokayen garinmu na zo na faɗa gidan duba a ƙasa mai tsarki. Na koma kicin ina salati.

Amal ta biyo ni tana dariya har da hawaye. Ta ce wasa ne, kamar tatsuniya, sai dai kowa na riƙe da mutum guda a ciki. Ita ke ba da labarin, su kuma su faɗi abin da mutanensu za su yi, dutsen ya yanke ko ya yiwu. Ba kuɗi, ba aljani. Na yarda, amma mamakin bai sake ni ba. Mata da digiri, da 'ya'ya, suna gardama a kan ko dodo ya ji motsinsu.

Ina kai shayi ina kasa kunne, har na gane inda gizo ke saƙa. Mutumiyar Madam matsafiya ce, shekara huɗu tana rainonta, ta yi ƙarfi har ta wuce misali. Abokan gaba na fitowa sai ta watsa musu wuta, halas, wato an gama. A cikin ƙawayen, mai takobi ba ta ko zare takobinta, mai baka tana zaune tana ɓare 'ya'yan kankana. Ƙawayen suka fara kawo uzuri. Ran nan 'yan'uwan suka kaure. Amal ta ce a rage wa matsafiyar ƙarfi ko a tashi wasan. Madam ta ce littafi ne ya ba ta, ba sata ta yi ba.

A lokacin saura mako uku iƙamata ta ƙare, wato takardar zama, kuma Madam ce kafilina mai ɗauke da nauyin zamana, ba ta ce uffan a kan sabuntawa ba. Mai hankali shiru zai yi. Amma kun san bakina.

Na ce, “Wace irin matsafiya ce ba ta da sharaɗi?”

Duk suka juyo suna kallona. Amal, da ke ce mini Khala, wato inna, ta ce, “Khala Tabawa, kamar yaya?”

Tunda na riga na jiƙe, sai na yi wankan gaba ɗaya. Na ce babana ɗan tauri ne kafin ya tuba, Allah ya gafarta masa. Wuƙa ba ta kama shi, amma ranar da ya ci kuɓewa, ko allura sai ta huda shi. A wajenmu kowane asiri da makarinsa. Wanda aka bai wa babba, sharaɗinsa ma babba ne.

Nan take Amal ta ɗauki biro. Ba ta rage wa matsafiyar komai ba. Cewa ta yi duk sanda ta saki babbar wutar nan, za ta zube ba motsi ba magana har wayewar gari a cikin labarin, sai an sami mai goya ta. Ƙawayen suka yi tafi. Madam ta amince don kada a ce ta ji tsoro, amma kallon da ta yi mini ya fi mari zafi. Mako guda ba ta ce mini komai ba sai “yalla” da “hati”, wato maza da kawo.

Juma'a ta zagayo. Madam ta yi yadda ta saba, matsafiyarta ta bar abokan tafiya a baya ta shige kogo ita kaɗai, ta ƙone 'yan fashi ƙurmus, ta zube. Ashe ɗaya ya ɓuya bayan dutse. Amal ta jefa ɗan dutsen, ta dube shi, ta kasa ɗago kai. Wani ɗan tsurut da wuƙar yanka nama ya kashe matsafiyar shekara huɗu.

Wallahi Madam kuka ta yi. Matar da nake gani tana daka wa direban kamfani tsawa a waya, ga ta tana sharɓe a kan ɗan gunki. Ban taɓa ganin abin da ya ɗaure mini kai irin wannan ba, kuma ni na jawo. Na shiga ɗaki na fara ninke zannuwana. Ina tunanin yadda zan koma gida ba inji, ba akuya.

Washegari ta kira ni falo. Idonta a kumbure. Ta yi ta laluben Hausa kafin ta haɗa maganar.

“Ya Tabawa, baban ke, wa yake tsare masa sharaɗi?”

Na ce innata. Duk miyar da za ta shiga bakinsa sai ta ɗanɗana, ko gidan biki ba ya zuwa sai da ita.

Sai ta turo mini abu biyu a kan tebur: iƙamata an sabunta, da wata 'yar gunki mai garkuwa. Ta ce za ta fara sabuwar matsafiya daga tushe, kuma tana buƙatar mai ɗanɗana mata miya.

Shekara shida na yi ina ajiye tire ranar Juma'a ina jawo kujera. Sunan mutumiyata mai garkuwa Kande, ta goyi matsafiyar Madam ya fi sau a ƙirga. Na dawo da abin sayen sabon inji, da wannan dutsen da Amal ta ba ni. Kande kuwa a bakin wata gada ta mutu, tana tare wa matsafiyar mashi. Kada wanda ya yi mini dariya. Kwana biyu na yi ban iya cin abinci ba, Madam ce ta riƙa kawo mini shayi har ɗaki.